Filin Tambaya da Amsa: Yaya aka yi wasan RuneScape ya rabu gida biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon cajin waya a Tudun Wada, Gusau, kuma akwai samari biyu da ke zama a bencina kullum bayan la'asar suna buga wani wasa mai suna RuneScape. Kowannensu yana cewa nasa ne na asali, alhali hotunan wasan ɗayan sun fi kama da zanen 'yan firamare. Su wa suka ƙirƙiro shi, kuma me ya raba shi biyu? Daga mai karatu a Gusau, Jihar Zamfara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wasan ya fito ne daga Ingila a watan Janairun 2001, kuma Andrew Gower da ɗan'uwansa Paul ne suka haɗa shi, sannan kamfanin Jagex da ke Kambirij ya ci gaba da tafiyar da shi. Abin da ya ɗaga shi tun farko shi ne sauƙi, domin a lokacin ba a sayen faifai, mutum zai buɗe shafin intanet ne kawai ya shiga duniyar da ake kira Gielinor, ya sari itace, ya kama kifi, ya haƙo ma'adinai, ya yi ciniki ko faɗa da dubban mutanen da bai taɓa gani ba. A 2002 aka fara karɓar dala 5 a wata daga masu son ƙarin wurare, a 2004 kuma aka sake gina shi baki ɗaya.

Rigimar ta faro ne daga zinare, kuma ba sai an yi wa ɗan Zamfara dogon bayani a kan abin da zinare ke jawowa ba. Wasu sun mayar da tara zinaren cikin wasan sana'a, suna sayar wa 'yan wasa da kuɗi na gaske, wasunsu ma da katunan banki na sata suke biyan kuɗin wata. A watan Disambar 2007 Jagex ya hana musayar kaya yadda mutum ya ga dama, ya kuma soke kashe juna a dajin Wilderness, inda wanda aka kashe ke rasa kayansa. A ganina an yi jifan gafiyar Ɓaidu, domin horon ya fi faɗa wa masu gaskiya, kuma sai a 2011, bayan ƙuri'ar 'yan wasa, aka mayar da abubuwan biyu. Ba a gama hucewa ba, a Nuwamban 2012 kamfanin ya sauya tsarin faɗa gaba ɗaya, tsofaffin hannu da yawa suka yi fushi suka tafi.

Abin da ya ceci lamarin shi ne wani kwafin wasan na watan Agustan 2007 da aka samu a ajiye. Kamfanin ya nemi ra'ayi, ƙuri'u kusan 450,000 suka goyi bayan a farfaɗo da shi, aka buɗe shi a Fabrairun 2013 da sunan Old School RuneScape. An ɗora shi bisa sharaɗin cewa sabon abu ba ya shiga sai kashi 75 cikin ɗari na masu ƙuri'a sun amince, daga baya aka sassauta zuwa 70. Wannan shi ne mai hotunan da ka kwatanta, ya zo waya a Oktoban 2018, mai kyawawan hotunan kuma ya biyo baya a 2021.

Batun asali kuwa, kowa yana da hujja rabi. Mai kyawawan hotuna shi ne wanda ya ci gaba ba tare da yankewa ba, ɗayan kuma ya fi riƙe tsohuwar siffa. Amma na 2001 ɗin kansa, wanda aka laƙaba wa suna RuneScape Classic, an rufe shi a Agustan 2018, don haka babu ɗaya daga cikin samarin bencinka da ke buga shi.