Me ya raba kan masu kallo a kan "Dead Line"?

Malam, ka tambayi abin da ya sa ake jayayya kan wannan kashi na Inside No. 9, shirin talabijin na Birtaniya mai haɗa ban dariya da ban tsoro. An haska shi kai tsaye a BBC Two a Oktoban 2018. Ana cikin shiri sai sauti ya ɗauke, tashar ta ba da haƙuri, ta sako tsohon kashi. Ashe duk da gangan ne, fatalwa ce wai ta shiga tashar. Waɗanda suka canza tasha sun ji haushi daga baya, waɗanda suka daure kuwa har yau suna yabo.

Ni ina tare da masu yabon, amma in ka riga ka san dabarar, tsoron ya ragu sosai, dariyar ma ba ta kai ta sauran kasoshin ba.