Me ya sa motsin katun ɗin yanzu yake tsittsinkewa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na kalli katun ɗin Spider-Man: Into the Spider-Verse, sai na ga motsin yana ɗan tsittsinkewa, launuka kuma suna tsallake layi. Na ɗauka kwafin da na samu ne ba shi da kyau. Sannan me ya sa wasu finafinan katun ba sa zuwa sinima yanzu, sai dai a gan su a intanet?

Amsa: Ɗan'uwa, kwafinka lafiyarsa ƙalau. Da gangan aka yi fim ɗin haka.

Fim yana gudu ne da hotuna 24 a kowace daƙiƙa. Tun da kamfanin Pixar ya fitar da Toy Story a 1995, dogon fim na farko da aka haɗa kacokan da kwamfuta, sai kowa ya bi sahu. A cike hotunan 24 ɗin duka, a ɗan dusashe abin da yake gudu yadda kyamara take yi, a fito da gashin dabba sili-sili, ruwa ya yi kamar ka sa hannu ka ɗiba. Disney ma ta ajiye zanen hannu a dogayen finafinanta bayan Winnie the Pooh na 2011. Ƙwarewa ta ƙaru, babu musu, amma finafinan suka koma kamar uwa ɗaya ta haife su.

A 2018 masu zanen Sony suka bi wata hanya. Sun so fim ya yi kama da littafin barkwanci na zane da ake bugawa a takarda. Sai suka riƙa tsayar da hoto ɗaya ya ci gurbin biyu, wato zane 12 a daƙiƙa, dabarar da masu zanen hannu suka daɗe da ita. Suka cire dusashewar nan, suka zuba ɗigo-ɗigon tawada a inuwa, abin da yake nesa kuma suka gusar da launinsa daga layi, kamar injin buga takarda ya ɗan kuskure.

Ka sake duba wurin da Miles, yaron da ya zama sabon Spider-Man, yake koyon lilo da zaren gizo-gizo a daji tare da Peter, wanda ya daɗe yana Spider-Man. Peter gwani ne, motsinsa sumul yake tafiya a hotuna 24. Miles kuwa a 12 aka bar shi, yana sarƙewa, idonka yana jin rashin iyawarsa ba tare da kowa ya faɗa maka ba. A ganina a nan ƙimar salon take: zanen da kansa yana ba da labari. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar a 2019, ƙofa ta buɗe. Puss in Boots: The Last Wish na 2022 ya zo kamar an shafa fenti da buroshi. Flow na ƙasar Latbiya, wanda babu magana ko ɗaya a cikinsa, da manhajar Blender ta kyauta aka yi shi, ya kuma ɗauki Oscar a 2025. Abin da yake damuna shi ne masu kwaikwayon tsinkewar don kawai ana yayinta, alhali labarinsu bai nemi haka ba.

Batun sinima kuwa, da can a Amurka fim yakan yi kusan kwana 90 a can kafin ya iso gida. Annobar korona ce ta rushe wannan. A Afrilun 2020 kamfanin Universal ya saki Trolls World Tour don haya ta intanet, masu gidajen sinima na AMC suka fusata, daga baya aka daidaita a kan kwana 17. Soul da Luca da Turning Red, duka na Pixar, kai tsaye suka tafi Disney+, dandalin kallo ta intanet na Disney mai mallakar Pixar, domin kamfanin yana neman masu biyan kuɗin wata. Iyaye suka saba da jira a gida, kuma mai 'ya'ya huɗu ba zai ga laifin kansa ba idan ya lissafa kuɗin tikiti.

Sai dai sinima ba ta mutu ba. Inside Out 2 ya tara sama da dala biliyan 1.6 a 2024. Moana 2 da farko shiri ne mai kashi-kashi da aka tsara wa Disney+, aka mai da shi fim, ya haura dala biliyan ɗaya. KPop Demon Hunters ma juya tsarin ya yi: Netflix ta fara nuna shi a Yunin 2025, da ya karɓu sai aka kai shi sinima a Agusta, jama'a suna rera waƙoƙin tare da allo. Yanzu kowane fim ana auna masa hanyarsa ne, gwargwadon inda kamfani yake ganin kuɗinsa za su fi dawowa.