Ɗana zai tafi karatu Pakistan, hankalina ya ƙi kwanciya

Tambaya: Malam, ɗana ya samu gurbin karatu a Islamabad. Tun rikicinsu da Indiya a watan Mayun 2025 barci ya ƙaurace min. Ƙanin mijina ya ce faɗan Musulmi da Hindu ne kawai, Musulmi ba abin da zai same shi. Haka ne? Daga wata uwa, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya albarka a karatun. Batun Indiya ba shi ne abin da zai hana ki barci ba. Wancan artabun kwana huɗu aka yi aka tsagaita wuta ranar 10 ga Mayu, kuma tushensa Kashmir ne, yankin da ƙasashen biyu ke jayayya a kansa, tsohon miki tun rabuwar Indiya da Pakistan a 1947.

Maganar ƙanin mijinki ce ta dame ni, domin kusan kullum sai na ji ta, musamman daga masu tura saƙon murya a WhatsApp waɗanda ko taswirar ƙasar ba su taɓa dubawa ba. Wai Musulmi ba ya cikin haɗari. To su wa ƙungiyar Taliban ta Pakistan, wadda aka kafa a 2007, take kashewa? Ranar 16 ga Disamba 2014 suka afka wa makarantar 'ya'yan sojoji a Peshawar, suka kashe mutum sama da 140, mafi yawansu yara, 'ya'yan Musulmi. A Janairun 2023 ɗan ƙunar baƙin wake ya shiga masallacin harabar 'yan sanda a garin, ana tsakiyar sallar azahar, ya tayar da bom cikin sahu. Mu da muka ga abin da ya faru a masallacin Juma'a na Kano a 2014, ai bai kamata a yaudare mu da wannan zance ba.

Pakistan an gina ta ne a kan cewa addini ɗaya ya isa ya ɗaure al'umma. A 1971 gabashinta ya ɓalle ya zama Bangladesh, Musulmi da Musulmi, saboda harshe da kuma zaɓen da Sheikh Mujibur Rahman ya ci aka hana shi mulki. Daga baya Janar Ziya'ul Haƙƙ, shugaban mulkin sojan Pakistan, ya buɗe ƙofa ga masu ɗaukar makami lokacin yaƙin Afganistan, macijin da aka rena ya juyo kan mai shi. Ke 'yar Jos ce, kin san yadda rigimar ɗan ƙasa da baƙo ke sanya rawanin addini.

Islamabad ta fi lardunan Khyber Pakhtunkhwa da Balochistan kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, ko da yake ita ma ta ga tashin hankalin Jan Masallaci a 2007, lokacin da sojoji suka gwabza da masu ɗauke da makamai a wani masallacin birnin. Ki bar shi ya tafi. Da ya sauka ya yi rajista a ofishin jakadancin Najeriya, kada ya bi abokai yawon iyakar Afganistan, kuma duk wanda ya gayyace shi "karatu na musamman" a wajen jami'a, ya fara kiran babansa tukuna.