Tambaya da Amsa: Na haddace kalmomi 500, duk sun gudu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce ina aji biyar a sakandare, wlh Turanci ne matsalata. Nahawu ba laifi ina ƙoƙari, amma da an ce a rubuta insha'i sai in ta juya good da bad da very very har malaminmu ya gaji ya dinga zagaye min su da jan biro. A hutun da ya wuce na zauna da ƙamus na kwafi manyan kalmomi kusan 500 na haddace, muna dawowa makaranta ko ashirin ban iya tunawa ba. Dan Allah ƙwaƙwalwata ce ke da matsala ko ya abin yake?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kanki lafiya lau yake, hanyar da kika bi ce bata ɓullewa. Tun 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya gwada wannan abu a kan kansa, ya dinga haddace gaɓoɓin da basu da ma'ana yana auna yadda suke zubewa, ya gano mafi yawan mantuwar a sa'o'in farko da ranar farko take faruwa, daga nan sai ta lafa. Toh ke kuma kalmomin da kika kwafa daga ƙamus babu jimla babu labari, ai kusan gaɓoɓin Ebbinghaus ɗin ne a wurin ƙwaƙwalwarki.

Abu na farko, ba kowace babbar kalma ce ta cancanci wahalarki ba. Wata kalmar sai ki shekara goma kina karatu baki ci karo da ita ba. Akwai wata malama a jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar New Zealand, Averil Coxhead, da ta tattara rubuce-rubucen ilimi ta tace kalmomin da suka fi yawan fitowa, a shekarar 2000 ta fitar da jerin da ake kira Academic Word List, gidan kalma 570 ne a ciki, kuma kyauta ne a intanet. Irin su analyse, assess, derive, establish, evident. Kinga ba wasu kalmomin burga bane, amma su ne ke cika littafin kimiyya da na tarihi da takardar tambayoyi. Da su zaki fara.

Gidan kalma da na ce, nufina kalma da 'ya'yanta, kamar yadda muke da gina, gini, magini, ginanne. In kika kama analyse ki jawo analysis da analyst da analytical su taho tare, jifa ɗaya tsuntsu huɗu.

Nan kuma in ɗan tsaya, don wannan ne ɗalibai basu cika sani ba kuma ni a ganina shi ya fi komai sauƙaƙa aikin. Fiye da rabin kalmomin Turanci aro ne daga Latin da Faransanci, ga na Girkanci a gefe. Dalilin Faransancin shine a 1066 Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, aka ɗau ɗaruruwan shekaru harshen fada da kotu Faransanci ne, Latin kuma na coci da malamai, talaka yana ta Turancinsa. Shi yasa zaki ga abu ɗaya da suna hawa uku, ask na gida, question daga Faransanci, interrogate daga Latin. Abin da ake ce ma manyan kalmomi yawanci waɗannan na aron ne, kuma da guntaye aka haɗa su. Spect kallo ne, toh ga inspect, spectator, perspective, retrospect wato waiwaye. Bene alheri, mal sharri, sai ki gane benevolent da malevolent kishiyoyi ne tun baki buɗe ƙamus ba. Chron lokaci ne a Girkanci, chronic ciwon da ya daɗe, chronology jerin abubuwa yadda suka faru. Ba kullum canki yake faɗawa daidai ba, wani lokacin ma'anar ta yi nisa da tushenta, amma a ɗakin jarrabawa ya fi zaman kallon silin.

Sai maganin mantuwa. Ki yanka kwali ƙanana, kalma a gaba, a baya ma'ana da jimlar da kika tsince ta a ciki. Ki duba gobe, ki duba bayan kwana uku, bayan sati, bayan wata, wadda kika faɗi a kanta ta koma layin farko. Wani Bajamushe mai suna Sebastian Leitner ne ya yaɗa wannan tsari na jera katuna a akwatuna a shekarun 1970, manhajar Anki ma irin aikin take yi a waya. Amma ki tuno da kanki kafin ki juya katin, in kina leƙawa kanki kike cuta. Kalma biyar zuwa bakwai a rana sun isa.

Kuma kar ki riƙe kalma ita kaɗai, ki riƙe ta da abokan tafiyarta. Mu muna shan iska muna cin bashi, wanda ya ce ya ci iska ai dariya za a yi masa ko da nahawunsa bai karye ba. Su ma haka, heavy rain suke cewa ba strong rain ba, make a mistake ba do a mistake ba, commit a crime. Wannan kuwa, karatu ne kawai ke bada shi. Paul Nation, shi ma daga waccan jami'ar, ya ƙiyasta mutum na buƙatar gidan kalma 8,000 zuwa 9,000 kafin ya karanta jarida ko littafin labari ba tare da tuntuɓe ba, kinga wannan ba abin kati bane kaɗai. Ki samu abin da kike so, labari ko rahoton jarida, wanda baƙin kalmomin shafi basu wuce biyar ko shida ba, in sun fi haka ya miki nauyi ki ajiye shi tukun. Duk sati ki rubuta sakin layi ɗaya ki cusa sababbi uku a ciki ki kai wa malamin nan mai jan biro, gsky yana sonki da alheri.

TAMBAYA: Anti ni kuma in na rubuta insha'i sai in canza ƙananan kalmomi da manya daga waya don in burge mai maki, hakan ya yi?

AMSA: A'a ɗana, daina. Kalmomi masu kama da juna ba ɗaya suke ba, famous da notorious duk shahara ce amma ta biyun a mugun abu ce, ka rubuta wai shugaban makarantarku notorious ne ka ga abin da zai biyo baya. Duk wadda waya ta baka ka duba jimlolin misali a ƙamus na masu koyo tukun, in bata zauna ba ka bar ƙaramar a wurinta.