Tambaya da Amsa: Kuɗin gwamnati bayan tarzoma, wa ke samu kuma ta wace hanya?

Wasiƙu sun yi yawa a kan wannan batu, sai muka zaɓi biyar waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran.

Tambaya: An fasa mini shago lokacin tarzoma, an yi wawason kaya, wuta ta ci rufin. Yanzu na ji gwamnati ta ware kuɗin farfaɗo da ƙananan 'yan kasuwa. Shin duk abin da na rasa za a mayar mini?

Amsa: Allah Ya mayar da alheri, Malam. Amma kada ka sa rai tukuna sai ka san irin kuɗin da aka ware, domin sanarwa kan kira su duka "tallafi" alhali kowanne da hanyarsa.

Akwai diyya, wadda doka ce ta ɗora wa hukuma biyanta, kuma da girman asararka ake auna ta. Ba kowace ƙasa ke da irin wannan doka ba. Ingila tana da ita tun 1886, inda aka ce hukumar 'yan sanda ce za ta biya wanda tarzoma ta ɓarnatar wa dukiya. Da aka sabunta dokar a 2016 sai aka sa mata iyaka, fam miliyan ɗaya ga kowane mai nema. Ko a can ɗin ma gini da kaya ake biya, cinikin da ya wuce ka a watannin da shago ke rufe ba ya ciki. Kuma sai abin ya cika ma'anar tarzoma a shari'ance, wato mutum 12 ko fiye sun haɗu a kan tayar da hankalin.

Akwai kuma tallafi na kyauta, wanda ba ruwansa da yawan asararka. An yanke adadi ne, a raba gwargwadon abin da ke asusun. Sai rance mai sauƙin ruwa, sai sassauci, kamar a ɗage maka haraji ko kuɗin lasisi na wasu watanni. Galibin abin da gwamnatoci ke sanarwa bayan tarzoma yana cikin waɗannan ukun ne. Saboda haka ka nemi takardar sharuɗɗan asusun ka karanta da idonka, ka duba abu uku: kyauta ne ko bashi, nawa ne mafi yawan abin da mutum ɗaya zai samu, kuma yaushe ake rufe karɓar takardu.

Tambaya: Ni ba ni da rasit na yawancin kayana, littafin cinikina ma ya ƙone. Da me zan tabbatar da asarata? Har na fara share wurin.

Amsa: Hajiya, ki ajiye tsintsiyar nan tukuna. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin mutane: zuciya ba ta son ganin ɓarna, sai a kwashe toka da fasasshen gilashi a zubar, jami'in kiyasta asara ya zo bayan mako biyu ya tarar da ɗaki fes, ba abin da zai rubuta.

Ki ɗauki hoto da bidiyo kafin ki taɓa komai. Ki fara daga waje, yadda allon sunan shagon da na maƙwabta za su fito, don a san inda aka ɗauka. Sannan ƙofar da aka ɓalle, kwaɗon da aka karya, kantocin da aka bari wayam, sai kowace na'ura da ta lalace tare da ƙaramin farantin da ke bayanta mai ɗauke da lambarta. Firjin da ya ƙone ƙurmus shaida ne, ki tura shi gefe ki bar shi har a zo a gani. Gyaran da ya halatta kafin zuwan jami'i shi ne na hana ƙarin ɓarna kawai, kamar toshe ƙofa ko rufe saman da ruwa zai shiga, shi ma ki riƙe rasit ɗinsa.

Daga nan sai rahoton 'yan sanda, da na 'yan kwana-kwana idan akwai gobara. Ki tabbata an rubuta ranar da abin ya faru daidai, kuma an ambaci tarzoma. In aka rubuta "sata" kurum, mai tantancewa yana iya cewa ba ki cikin waɗanda asusun ya shafa.

Batun rasit kuma da sauƙi, domin kowane ciniki mutum biyu ne suka yi shi. Dilolin da kike sarin kaya a wurinsu suna da nasu kwafin, ki roƙe su su fitar miki da na watanni shida zuwa shekara. Banki zai ba ki bayanin shige da ficen asusunki. Saƙonnin waya na odar kaya, takardar biyan haraji, yarjejeniyar haya, takardar rajistar kasuwanci, duk suna tsayawa a matsayin hujja. Da su za ki zauna ki rubuta jerin kaya layi-layi: sunan kaya, adadi, kuɗin sari. Kuɗin sari fa, ba na sayarwa ba. Wanda ya rubuta farashin kanti, ko ya ƙara gishiri don yana tsammanin za a zaftare, yakan jawo a jingine takardarsa gaba ɗaya, tunda mai tantancewa zai gwada jerin da abin da ya shiga asusun banki da kuma faɗin shagon. Kayan da ba za su shiga ɗakin ba ko an danna su, ba wanda zai yarda sun ƙone a ciki.

Abu na ƙarshe shi ne wa'adi, kuma gajere ne ƙwarai. A tarzomar Ingila ta watan Agustan 2011 kwana 14 kacal tsohuwar doka ta bai wa mutane, sai da gwamnati ta tsawaita shi zuwa 42. Ki miƙa takardar nema da abin da ke hannunki, ki karɓi shaidar an karɓa, sauran hujjoji su biyo baya.

Tambaya: Haya nake yi. Mai ginin ya ce shi zai nemi kuɗin a madadinmu duka. In yarda?

Amsa: Kada ka yarda. Shi nasa bango da rufi da ƙofofi, kai naka haja da na'urori da duk abin da ka kafa da kuɗinka. Kowa ya cika tasa takardar. Ka kuma duba yarjejeniyar hayarku ko ta ce wani abu game da biyan haya a lokacin da ginin ba ya amfanuwa. In ta yi shiru, ku rubuta sabuwar matsaya yanzu, har da alkawarin cewa kai za ka koma bayan gyara da kuma nawa hayar za ta zama. Ginin da aka sabunta da kuɗin gwamnati yakan dawo da tsadar da tsohon ɗan haya ba zai iya ba.

Tambaya: Ina da inshora, amma kamfanin ya ce bai shafi tarzoma ba. Gwamnati kuma rance take bayarwa. In karɓa?

Amsa: Ka fara neman kamfanin ya ba ka ƙin biyan a rubuce, ya nuna sakin layin da ya dogara da shi. Takardun inshora da yawa suna cire tarzoma da yajin aiki sai an saye su daban, kuma asusun gwamnati kan nemi wannan wasiƙa kafin ya saurare ka, don ba a biyan asara ɗaya sau biyu. Afirka ta Kudu ta kafa kamfani na musamman mai suna Sasria tun 1979 saboda irin wannan giɓi, ana sayen kariyarsa a haɗe da inshorar da aka saba. Tarzomar Yulin 2021 a lardunan KwaZulu-Natal da Gauteng ta fi ƙarfin asusunsa, har gwamnati ta zuba masa rand biliyan 22. Wanda bai sayi kariyar ba tun farko, wannan kuɗin bai iso gare shi ba.

Rance kuwa, mu a ganinmu na sayen haja ne da na'urar da za ta fara kawo kuɗi nan da nan. Ka lissafa biyan wata-wata a kan rabin cinikinka na da, domin masu saye ba sa dawowa ranar da aka buɗe ƙofa. Ka tambayi watanni nawa za a ɗaga maka kafin fara biya, ko ruwa na taruwa a cikinsu, da kuma abin da za ka jinginar. In gidan da iyalinka ke ciki ne jinginar, ka yi shawara da lauya kafin ka sa hannu.

Tambaya: Ni shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar titinmu ne. Mambobi suna ƙorafin an kashe kuɗi a fitilu da kwalta da fenti, su kuwa ba su ga komai ba. Me zan ce musu?

Amsa: Ranka ya daɗe, ƙorafinsu yana da tushe, amma aikin titin ma ba ɓarna ba ne. Shago ɗaya gyararre a tsakanin kangaye goma ba ya ciniki. Mai saye da ya hango ƙonannen gini da duhu juyawa yake yi. Los Anjeles ta ga haka bayan tarzomar 1992: an kafa ƙungiyar Rebuild LA don sake gina birnin, da manyan alkawura, ta rufe a 1997, filaye da dama kuma suka yi shekaru ba a sake gina su ba.

Inda matsala take shi ne tsarin rabon. Dubi jihar Minesota ta Amurka. Bayan tarzomar 2020 a Miniyapolis da Sent Pol, gwamnatin tarayya ta ƙi amincewa da buƙatar jihar ta agajin bala'i. A 2021 jihar ta ware dala miliyan 80 don farfaɗo da titunan kasuwanci, amma tallafin bai wuce kashi 30 cikin ɗari na kuɗin aiki ba, iyakarsa dala 750,000. Ma'ana, aikin da zai ci ɗari, sai ka nemo saba'in daga wani wuri. Mai babban gini da banki ya sani zai iya. Mai ɗinki da keke biyu a ɗakin haya ba zai iya ba. Haka ma tsarin da ke cewa ka kashe kuɗinka tukuna a mayar maka daga baya: wanda jarinsa ya ƙone ba shi da abin kashewa.

Don haka abin da ƙungiyarku za ta nema a zaman da za ku yi da hukuma shi ne a ware wani kaso na ƙananan tallafi da ake biya kai tsaye cikin makonnin farko, ba tare da sharaɗin kawo naka kason ba. A karɓi shaidar ƙungiya da takardar haya a madadin rajista ga waɗanda ba su da ita. A buga sunayen waɗanda suka samu da adadin, kuma a buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara ga wanda aka ƙi. A riƙa yin aikin titin kashi-kashi, kada a toshe gaban shagunan da suka fara buɗewa. Kafin zaman, ku bi titin ƙofa-ƙofa ku rubuta kowane shago, mai shi, ɗan haya ne ko mamallaki, ma'aikata nawa, da irin ɓarnar da aka yi masa, ku je da kwafi biyu, ɗaya a buga masa hatimin karɓa ku dawo da shi.