Tansiyona ta tunani ce, ko zan iya barin magani tunda hankalina ya kwanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga Tawa nake rubutowa, shekarata 47. Maigidana ya tafi cin-rani Abijan, aka daɗe ba labari ba aike, nauyin yara ya dawo kaina. Lokacin ne barci ya ƙaurace mini, gabana yana yawan faɗuwa, mura ba ta barina. Da aka auna ni sau uku ana samun 16 bisa 10, sai aka ɗora ni kan maganin tansiyon mai suna amlodipine. Yanzu ya dawo, hankalina ya kwanta, mata na ce mini tansiyon tunani ba ta son ƙwayar asibiti. Wani mai talla ma ya sayar mini da maganin ƙara garkuwar jiki. Ina tsoron in bari in faɗi, ina tsoron in ci gaba jikina ya saba.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, barka da arziki da dawowar maigida. Kada ki bar maganin tansiyon nan, ko da na kwana guda, sai wanda ya rubuta miki shi ya sake auna ki.

Matan da suka ce damuwa na taɓa jini ba su yi ƙarya ba. Idan mutum ya kwana ya tashi cikin fargaba, jikinsa yakan yawaita fitar da wasu sinadarai biyu, adrenaline da cortisol. Na farko yana hanzarta bugun zuciya yana matse jijiyoyi, na biyu kuwa idan ya daɗe a sama yakan raunana ƙwayoyin da ke yaƙar cuta. Murarki ba abin mamaki ba ce: a wani bincike da wani masani mai suna Sheldon Cohen ya wallafa a 1991, an ɗiga wa mutane kusan 400 ƙwayar mura a hanci, waɗanda damuwa ta fi yi wa yawa su ne suka fi kamuwa. Binciken INTERHEART na 2004, wanda ya haɗa ƙasashe 52, shi ma ya sa damuwa cikin abubuwan da ke tafiya da toshewar jijiyar zuciya, tare da taba da ciwon suga.

Inda suka kuskure shi ne zaton cewa abin da damuwa ta taso, kwanciyar hankali za ta kwashe. Wannan magana kullum sai na ji ta, har ta fara gundurata. Wanda aka auna sau uku a ranaku daban aka same shi sama da 14 bisa 9, hawan jini ne da shi, kuma galibi da ma gado da shekaru da gishiri sun share fage, damuwa ta zo ta bankaɗo. Hawan jini ba ya sanarwa. Rashin ciwon kai ko jiri ba shaida ba ne cewa ya sauka, na'ura kaɗai ke faɗa. Idan yau aka auna ki aka samu 13 bisa 8, aikin ƙwayar ne, kuma cikin ƴan kwanaki da barinta jinin zai koma inda yake, ya ci gaba da cin ƙoda da idanu da jijiyoyin ƙwaƙwalwa a ɓoye. Irin waɗanda suka bari ake kawo mana da asuba, baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, a lalubo aljihu a samu ordonansi, wato takardar magani, ta watanni da suka wuce a ninke, dangi na cewa ai ya warke shi ya sa ya daina, wasu ma na cewa iska ce ta buge shi. Batun sabo kuwa, amlodipine ba tramol ba ne, ba ya kama mutum. Illarsa da aka fi gani ita ce kumburin ƙafa, kuma wannan canjin magani yake nema wurin likita. Akwai waɗanda ake rage wa magani bayan sun rage ƙiba da gishiri, amma da awo ake yanke hukuncin, a hankali.

Maganin garkuwar nan ki ajiye shi. Abin da ya yini a tire cikin ranar Tawa, a ƙulle a leda babu suna babu kwanan wata, mai sayarwar kansa bai san cikinsa ba. An sha gano dexamethasone a irin waɗannan haɗe-haɗe, wanda ɗan'uwan cortisol ne: yana kumbura fuska a ce an yi kyau, alhali yana ta da jini da suga, yana karya garkuwar da aka ce zai gina. Haka diclofenac da ibuprofen da ake sha don ciwon jiki, suna hana maganin tansiyon aiki yadda ya kamata. Ki ɗauki ledar ki kai wa likitanki ya gani.

Abin da zai taimaki zuciya da garkuwa tare ba ya cin kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, ƙasa da ƙaramin cokali guda, kuma dunƙulen miya da kanwa suna cikin lissafin. Ki riƙa tafiya da sauri ta minti 30 bayan asuba kafin rana ta yi zafi, ki nemi barcin awa bakwai. Idan rashin barci da faɗuwar gaba suka ci gaba duk da dawowar maigida, ki faɗa a asibiti ba tare da kunya ba, domin ciwon damuwa yana da magani. Idan azumi ya zo, lokacin shan ƙwayar ake gyarawa, ba a dakatar da ita. Kuma duk ranar da kika ji nauyi a ƙirji mai bin hannu ko muƙamuƙi, ko numfashi ya yi wuya, ko magana ta sarƙe, a wuce da ke babban asibitin jiha nan take, kada a tsaya jiƙo ko jiran gari ya waye.