Gishiri biyu a tukunya ɗaya

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa manhajarka ke tafiya lafiya sau tara, a na goma ta faɗi, alhali ba ka taɓa komai ba. Har kana zargin zafin Sakkwato ne ya dafa kwamfutar. Ƙyale zafi ya huta, na duba aikin naka jiya bayan Isha'i.

Da libcurl kake aiki, wato laburaren (tarin umarnin da aka riga aka rubuta) da manhaja ke amfani da shi wajen aikawa da karɓar bayanai ta intanet. Ka buɗe zare huɗu (thread, wato sassan manhaja da ke gudana a lokaci guda), kowanne ya tafi kai tsaye ya kira curl_easy_init, ba ka kira curl_global_init, wanda ke shirya laburaren kafin a fara aiki da shi, ko sau ɗaya ba. In ba ka kira shi ba, laburaren ne ke kira maka a ɓoye, kuma nan gizo ke saƙa.

Ɗauka mata biyu ne a kan tukunya ɗaya. Ta farko ta ɗanɗana miya ta ji lami, ta juya ɗauko gishiri. Kafin ta dawo ta biyu ta ɗanɗana, ita ma ta ji lami, ta zuba. Ta farko ta dawo ta zuba nata. Kowacce daidai ta ɗanɗana, amma miya ta ɓaci. Tsakanin dubawa da zubawa akwai 'yar tazara, a cikinta zarurruka ke cin karo. Wani lokaci ma na uku ne zai zo ya fara ɗiba tun miyar ba ta nuna ba. Tazarar ba kullum ake faɗa mata ba, shi ya sa sau tara kake tsira.

Maganin naka mai sauƙi ne. Kira curl_global_init a farkon main, inda manhajar ke fara aiki, tun babu zare ko ɗaya da ka buɗe, sannan curl_global_cleanup sai duk sun gama sun dawo. Gaskiya ne fitowar libcurl 7.84.0 ta 2022 ta gyara wannan a yawancin na'urori, amma kwamfutar mai ba ka aiki ƙila tsohon laburare ke kanta.

Ranar da za ka rubuta naka laburaren, kada ka ƙirƙiro "in ba a shirya ba, shirya" da hannunka. Ni na yi haka ina saurayi, na kwashe mako ina neman ɓarawon da ni na buɗe wa ƙofa. Akwai pthread_once, akwai std::call_once tun C++11: da su zare guda ke shiryawa, sauran su jira a bakin ƙofa.

Kuma daina cusa printf, umarnin buga saƙo a allo, kana farautar matsalar, yana sauya saurin zaren ne ta ɓuya. Gobe ka zo da wuri, mu haɗa tsohon aikin da -fsanitize=thread, mai gano inda zarurruka ke cin karo, ka ga matan nan biyu da idonka kafin mu gyara.